Yadda Ake Shirin Gudun Fanfalaki Karon Farko, da Jinyar Gwiwa In Ta Kawo Cikas

Gwiwa ce wurin da masu gudu suka fi samun rauni, kuma sababbin shiga ne suka fi faɗawa. Dalilin a fili yake. Zuciya da huhu suna saurin sabawa da wahala: mako uku ko huɗu da fara atisaye, mutum zai ji hakin ya ragu, ya ga zai iya ƙara nisa. Jijiyoyi da guringuntsi da ƙashi kuwa sai sun ɗauki watanni kafin su yi ƙwari. A wannan tsakanin ne ɓarnar ke faruwa, ƙirji yana cewa a ƙara, gwiwa ba ta shirya ba. Duk wanda ya taɓa kallon ginin ƙasa ya san magini ba ya ɗora sabon sahu a kan ɗanye, sai ya bari na ƙasa ya sha iska. Shirin tsere da jinyar gwiwa duk a kan wannan ƙa'ida suke tafiya.

Kada kuma tsoron gwiwa ya hana ka farawa. Wani nazari da aka wallafa a 2017, wanda ya tattara bincike da dama, ya sami amosanin gwiwa ko na ƙugu a kashi 3.5 cikin ɗari na masu gudun motsa jiki, kashi 10.2 na masu zaman wuri ɗaya, da kashi 13.3 na ƙwararrun da suka mai da gudu sana'a. Gudun da aka yi da hankali ba ya cinye gwiwa. Gaggawa ce ke cinye ta.

Mataki na 1: Zaɓi tseren da ya yi daidai da kai

Cikakken gudun fanfalaki kilomita 42.195 ne, rabinsa kilomita 21.1, sai kuma na kilomita 10. Shawarata ga wanda bai taɓa yi ba ita ce ya fara da 10, ya bi da 21, ya bar 42 sai ya shekara yana gudu ba yankewa. Mai zaman ofis ko shago yana buƙatar kamar wata uku kafin kilomita 10, wata shida kafin 21.

Tseren Legas, wanda aka fara a 2016 kuma ake yi a watan Fabrairu, yana da na kilomita 42 da na 10. Na Okpekpe a Jihar Edo, da aka fara a 2013, kilomita 10 ne, amma hanyar hawa da gangara ce, ba ta dace da gwiwar da ke farfaɗowa ba. Kaduna ta shirya nata na kilomita 21 a Nuwambar 2020. Ka nemi ranar tsere, ka ƙirga makonni baya, ka ga ko lokacin ya isa. In bai isa ba, ka jira na gaba. Ka duba kalandar Musulunci ma, domin azumi yana matsowa da kamar kwana 11 kowace shekara, kuma yana iya faɗowa a tsakiyar shirinka.

Batun lokaci, ka cire 'yan Kenya da Habasha daga lissafinka. Kelvin Kiptum ɗan Kenya ya gama kilomita 42 cikin awa 2 da daƙiƙa 35 a Chicago a 2023, wato ƙasa da minti 3 a kowace kilomita. Irinsu a tsaunuka suke atisaye, kamar garin Iten na Kenya mai tsayin mita 2,400, kuma ko a Najeriya ba banza ba ne gwanayen dogon gudu suka fi fitowa daga Filato, musamman Pankshin. Kai in kana cin kilomita a minti 7, za ka gama 10 cikin awa 1 da minti 10, ka gama 21 cikin kusan awa biyu da rabi. Wannan ya isa a yi maka barka.

Mataki na 2: Awon lafiya da takalmi

In ka haura 40, ko kana da hawan jini, ciwon suga, asma, ko ƙiba sosai, ko an taɓa samun wanda ya yanke jiki ya mutu da ƙuruciya a danginku, ka ga likita kafin ka fara. Mai sikila, da ma wanda jininsa AS ne, ya gaya wa likita abin da yake shirin yi, saboda wahala cikin zafi da ƙarancin ruwa na iya yi masa illa. Zazzaɓi kuma ba a gudu da shi. Maganar "bari in fita in yi gumi ya sake ni" ba ta da tushe, haɗari ce ga zuciya.

Takalmi ba sai mai tsada ba, amma ya zama na gudu, ba kambas ɗin ƙwallo ko na gayu ba. Da yawanmu gwanjo za mu saya, a Ƙofar Wambai ko wata kasuwa, kuma ba laifi in an iya zaɓe. Ka je da yamma, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, da safar da za ka riƙa sawa. Ka aje takalmin a kan tebur ka dube shi ta baya: in ya karkace gefe guda, ƙafar mai shi na farko ta riga ta cinye shi, bar shi. Danna katifar tsakiya da babban yatsa. In ta yi tauri ko ta yamutse da layi-layi, ta mutu, ko da saman yana ƙyalli. Ka bar faɗin babban yatsan hannu tsakanin yatsunka da bakin takalmin, in ba haka ba farce zai yi baƙi ya fita. Sabon takalmi yakan kai kilomita 500 zuwa 800, gwanjo kuwa ba ka san nawa ya riga ya ci ba.

Mataki na 3: Makonni takwas na farko

Sau uku a mako, da hutun kwana guda a tsakani. Kowace fita ka fara da tafiyar sauri ta minti biyar. A mako na 1 da na 2, sassarfa minti ɗaya, tafiya minti biyu, sau takwas. A na 3 da na 4, sassarfa minti uku, tafiya minti biyu, sau biyar. A na 5 da na 6, sassarfa minti takwas, tafiya minti biyu, sau uku. A na 7 da na 8 ka haɗe su har ka iya minti 30 ba tsayawa.

Za ka ji kamar wasa ne, musamman in ka yi ƙwallo a da. Ka daure. Ma'aunin saurin shi ne hira: in ba za ka iya ba abokin gudunka labari cikin cikakkun jimloli ba, ka yi sauri da yawa. Samari sukan ji kunyar sassarfa a hankali, kada a ce ragwaye ne, sai su fita kamar an koro su, minti goma su tsaya riƙe da ƙugu. Wanda ya iya tafiya a hankali shi ke kai wa ƙarshe.

Ka fi son burji ko filin makaranta a kan kwalta. Zagayen filin wasa, irin na Sani Abacha a Ƙofar Mata, ko Ahmadu Bello a Kaduna, ko Seyni Kountché a Yamai, mita 400 ne, zagaye 25 ke ba da kilomita 10. Ka riƙa sauya hannun da kake zagayawa don kada ƙafa ɗaya ta ɗauki nauyin kwana kullum. A titi ka bi hannun hagu, kana fuskantar motocin da ke tahowa, da riga mai haske, domin da asuba mai a-daidaita-sahu ba lalle ya hango ka ba. Mata sun fi samun sakewa in sun haɗa ƙungiya ta uku ko huɗu, da hijabi gajere marar nauyi wanda ba zai harɗe ƙafa ba.

Mataki na 4: Ƙara nisa

Daga nan fita uku ko huɗu a mako: biyu ko uku gajeru na minti 30 zuwa 40, ɗaya dogo a ƙarshen mako. Dogon shi ake ƙarawa, kilomita ɗaya kowane mako, in ya yi yawa biyu. Kowane mako na huɗu ka rage kamar kashi ɗaya cikin uku, jiki ya huta. Ga misali ga mai shirin 21: 6, 7, 8, sai 6, 9, 10, 12, sai 8, 13, 15, 17, sai 10. Ba dole ne ka kai 21 a atisaye ba, 17 ko 18 ta wadatar. Mai shirin 10 ya kai 8 ko 9.

Abu ɗaya ake ƙarawa a lokaci guda. In ka ƙara nisa, kada ka ƙara sauri. In ka fara hawan tudu, kada ka sauya takalmi a makon. Kuma makon da ya wuce ka saboda biki ko tafiya ko rashin lafiya, ya wuce ke nan, ba a ramuwarsa kamar azumi. Ka koma inda ka tsaya, ko ma ƙasa kaɗan.

Sau biyu a mako ka ware minti 20 don ƙarfafa cinya da ɗuwawu da sharaɓa. Atisayen su ne waɗanda zan bayyana a sashen jinya. Wanda ya yi su tun yanzu yana rage yiwuwar buƙatarsu daga baya.

Mataki na 5: Zafi, hunturu da ruwa

A Kano ko Sakkwato ko Maraɗi, zafin bazara yana kaiwa digiri 40, don haka lokacin gudu shi ne bayan sallar asuba, a gama kafin hantsi. Da hunturu sanyin yana da daɗin gudu, sai dai ranar da ƙura ta rufe gari gara a zauna gida a yi atisayen ƙarfi, musamman mai asma. Akwai tarko ga ɗan Arewa mai shirin Legas: duk shirinsa zai faɗo cikin busasshen sanyin Disamba da Janairu, sai ya sauka a garin da gumi ba ya bushewa a jiki. Gumin da bai bushe ba ba ya sanyaya jiki. Ka rage saurin da ka saba da kamar daƙiƙa 20 zuwa 30 a kilomita, kuma a makonnin ƙarshe ka yi wasu gajerun fita da hantsi don jiki ya ɗan saba da ɗumi.

Don sanin ruwan da kake buƙata, hau sikeli kafin gudun awa ɗaya da bayansa. Duk kilo ɗaya da ya ragu kusan lita ɗaya ce, wato ledar fiya wata biyu. Ka riƙa kurɓa gwargwadon ƙishi, ba ɗurawa ba. Yawan ruwa zalla a dogon gudu yana tsinka gishirin jini, kuma ya taɓa kashe mutane a manyan tsere. In gudu ya wuce awa ɗaya, ka haɗa da ruwan gishiri da sukari irin na asibiti, ka riƙe dabino uku ko huɗu kana ci duk bayan rabin awa. Cikin azumi kuwa ka rage komai: gajeren gudu bayan tarawihi, ko sassarfa mai sauƙi ta minti 20 dab da shan ruwa. Dogon gudu da rana da azumi a baki ganganci ne.

Mataki na 6: In gwiwa ta fara magana

Da farko ka bambanta tsami da ciwo. Tsamin jiki yana kama tsoka a ƙafa biyu, ya fi yawa kwana ɗaya ko biyu bayan wahala, kuma motsi yana sassauta shi. Ciwon rauni yana gefe guda, kana iya nuna wurin da yatsa, kuma yana ƙaruwa in ka ci gaba.

Wurin da yake yana ba da labari. Ciwon da ke kewaye da ƙoƙon gwiwa ko bayansa, mai tashi wajen saukowa daga bene, tsugunno, ko bayan dogon zama a mota, shi ne ya fi yawa ga masu gudu. Ciwo mai suka a gefen waje, wanda ke zuwa a nisa iri ɗaya a kowace fita ya kuma lafa in ka tsaya, yawanci daga doguwar jijiyar nan ce da ta taso daga ƙugu ta bi gefen cinya. Ciwo a ƙasan ƙoƙon daidai, mai tsanani wajen tsalle, na jijiyar da ta haɗa ƙoƙon da ƙwauri ne. Waɗannan ukun duk ɗora wa gwiwa kaya fiye da ƙima ne ya jawo su, kuma galibi suna warkewa ba tare da tiyata ba.

Akwai kuma waɗanda ba a jira da su. Ka tafi asibiti in ka ji ƙara ƙas a lokacin raunin, gwiwar ta kumbura cikin 'yan awoyi. In ba za ka iya taka ta taku huɗu ba. In ta kulle ta ƙi miƙewa, ko tana sullewa kamar za ta kayar da kai. In ta yi ja da zafi kana kuma zazzaɓi. Ko in sharaɓa ta kumbura tana ciwo. Na biyun ƙarshe a ranar ake zuwa, ba gobe ba. Asibitin Ƙashi na Dala a Kano da sashen ƙashi na asibitocin koyarwa su ne wuraren irin wannan aiki. Ka sani hoton ƙashi na yau da kullum ƙashi kawai yake nunawa. Tsinkewar jijiya ko yagewar guringuntsi sai gwajin hannun likita, wani lokaci da hoton MRI. "Hoto bai nuna komai ba" ba ya nufin lafiya lau.

Dole in taɓo batun ɗori, domin shi ne wurin da za a fara nuna maka. Mai ɗori yana da matsayinsa a wurin jama'a, amma ciwon gwiwar mai gudu ba gocewar ƙashi ba ne, babu abin da za a mayar. Ja da murza gwiwar da jijiyarta ta tsinke ƙara ɓarna ne, ɗaure ta da karare na makonni kuma yana sa cinya ta tsotse, gaɓar ta sandare. Haka batun kemis. Allurar kashe zafi a gwiwa ba aikin mai shago ba ne. Shan ibuprofen ko diclofenac kafin dogon gudu cikin zafi yana iya taɓa ƙoda. Tramadol kuwa kada ma ka kusance shi: yana rufe ciwon ka ci gaba da lalata wurin, yana kama mutum, kuma hukumar yaƙi da shan ƙwayoyi a wasanni ta duniya ta haramta shi a gasa tun Janairun 2024.

Mataki na 7: Kwanakin farko na jinya

Ka dakatar da gudu, amma ba kwanciya aka ce ba. Kwana biyu ko uku na farko ka rage tafiya, ka ɗaga ƙafar a kan matashi sama da ƙirji in kana kwance, ka naɗa bandeji mai talewa in akwai kumburi, ba matsewa har yatsu su yi sanyi ba. Ƙanƙara a cikin tawul ta minti 10 zuwa 15 tana rage zafi. Likitan Amurkan nan Gabe Mirkin, wanda ya yaɗa tsarin hutu da ƙanƙara a 1978, shi da kansa ya dawo a 2014 ya ce yawansu na iya jinkirta warkewa. Abin da masu gashin ƙashi suka fi tafiya a kai yanzu shi ne a kare wurin na 'yan kwanaki, sannan a fara ɗora masa aiki kaɗan-kaɗan. Gashi da ruwan zafi da man zafi a bar su sai kumburi ya saɓe.

Rayuwarmu tana lanƙwasa gwiwa sosai, kuma wannan yana tayar da ciwon ƙoƙo ba tare da mutum ya lura ba: zaman tahiya, tanƙwashe ƙafa a tabarma wajen cin abinci, tsugunno a bayan gida, tsugunnon alwala, doguwar tafiya a motar haya gwiwa na tokare da kujerar gaba. Na mako biyu ko uku ka rage su. Ka yi alwala a kan kujera 'yar tsugunno mai ɗan tsayi, ka miƙe ƙafar mai ciwo in kana zaune a ƙasa. In sujada da zaman tahiya suna tayar da ciwon, addini ya yi rangwame ga marar lafiya ya yi salla a zaune. Ka yi amfani da rangwamen.

Mataki na 8: Atisayen da ke gyara gwiwa

Ka sa wa ciwon maki daga 0 zuwa 10. Atisaye ya halatta in ciwon bai wuce 3 ba, kuma washegari da safe ya koma yadda yake, ba sabon kumburi. In ya wuce haka, ka rage, ba ka daina ba.

A makon farko da na biyu, a kan tabarma. Kwanta rigingine, lanƙwasa ƙafar lafiya, ka miƙe mai ciwon, ka ɗaure cinya ka ɗaga ta kamar taƙi biyu, ka sauke a hankali. Sau 10, zagaye uku. Sannan ka lanƙwasa duka biyun, ka matse ɗuwawu ka ɗaga ƙugu sama, ka riƙe daƙiƙa uku. Sannan ka kwanta a gefe, mai ciwon a sama, ka ɗaga ta a miƙe tana ɗan komawa baya. A gefen ɗuwawu za ka ji aikin, in a gaban cinya ka ji, ƙafar ta yi gaba da yawa. Mutane suna mamakin me ya haɗa ɗuwawu da gwiwa. Tsokar nan ita ke hana cinya juyawa ciki a duk taku, in ta yi rauni ƙoƙon gwiwa ne ke biyan bashin.

Daga mako na uku a tashi tsaye. Jingina baya da bango, ka zame ƙasa kaɗan, ba har cinya ta kwanta ba, ka riƙe daƙiƙa 20, kana ƙarawa har 45. Ɗaga diddige a bakin dakali, sau 15. Tashi daga kujera ba dafawa, da ƙafa biyu, daga baya da ɗaya.

Wanda ya fi kowanne amfani shi ne saukowa daga matakala. Sami bulo ko dakali mai tsayin santimita 10 zuwa 15. Tsaya a kai da ƙafar mai ciwo, hannu a ƙugu, ka sauke ɗayar a hankali, kana ƙirga uku, har diddige ya shafi ƙasa, ka dawo. Ka jingina waya a ƙasa ta ɗauke ka ta gaba. In ka kalli hoton, ƙoƙon gwiwa ya kamata ya tsaya saitin yatsa na biyu, ƙugu kuma a daidai. Mafi yawa za su ga gwiwar ta faɗa ciki, ƙugun ɗaya ɓangaren ya zube, ƙafar tana karkarwa. Wannan shi ne abin da ke faruwa sau dubbai a kowace fita. Ka rage tsayin bulon har ka iya sau 10 a tsaftace, sannan ka ƙara. A wannan lokacin keke ko ninƙaya suna riƙe maka numfashi. Ka ɗaga sirdin keken yadda ƙafa za ta kusa miƙewa a ƙasa.

Irin wannan ciwo yakan ɗauki mako 6 zuwa 12, na jijiyar ƙasan ƙoƙo yakan fi haka. In mako uku ko huɗu sun wuce ba sauƙi ko kaɗan, ka nemi likitan gashin ƙashi ya duba ka. Wanda aka yi wa tiyatar jijiyar cikin gwiwa lissafinsa daban ne: yawanci ba a barinsa gudu kafin wata uku, ƙwallo kuma sai wata tara ko fiye, kuma likitansa ne mai magana.

Mataki na 9: Komawa gudu

Kafin ka koma, gwiwar ta ci jarrabawa: tafiyar sauri ta minti 30 ba ɗingishi, hawa da saukar bene ba ciwo, saukowa daga bulo sau 10 a daidai, da ɗan tsalle a ƙafar sau 20. In ta ci, ka koma jadawalin mako na 1, sassarfa minti ɗaya, tafiya biyu, a shimfiɗaɗɗen wuri, kwana guda ana hutawa. Kana iya wuce matakan da sauri fiye da karon farko, amma hukunci na gwiwar washegari ne, ba na yadda ka ji a fili ba.

Ka gajarta taku. Wani bincike a Jami'ar Wisconsin a 2011 ya nuna ƙara yawan taku da kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari, ba tare da ƙara sauri ba, yana rage nauyin da ke sauka a gwiwa. Ƙirga takunka na minti ɗaya. In 156 ne, ka nufi 164 zuwa 172. Ƙafa ta riƙa sauka kusa da ƙarƙashin jiki, kuma ka saurari kanka, in ana jin dif-dif daga nesa, kana dukan ƙasa ne. Gangara ita ce ƙarshen abin da za a dawo da shi. Masu hawa matakalar Dutsen Dala don atisaye su hau da ƙarfi in suna so, su sauko da tafiya.

In saura mako huɗu tsere kuma har yanzu ba ka iya rabin nisan ba ciwo, ka koma ajin kilomita 10, ko ka haƙura da kuɗin rajista. Zafin nema ba ya kawo samu.

Mataki na 10: Ranar tsere

Mako biyu kafin ranar ka rage nisa zuwa kashi biyu cikin uku, makon ƙarshe zuwa rabi ko ƙasa. In tafiya za ka yi, ka isa da kwana biyu, domin gwiwar da ta kwana a naɗe cikin motar Kano zuwa Legas tana buƙatar warwarewa. Ka karɓi lambarka da wuri. Daren tsere ka ci shinkafa ko tuwon da ka saba, ba wake, ba yaji mai yawa. Da safe, awa biyu zuwa uku kafin tashi, koko ko shayi da burodi da ayaba. Kada ka sa komai sabo, ko safa. Shafa basilin a matsematsi da hammata da kan nono, wuraren da riga ke gogewa har su yi jini.

Ka tsaya can baya a layin tashi. Da an busa za ka ga jama'a sun kwasa, jini zai ɗebe ka. Ka bar su, da yawansu za ka tarar suna tafiya a kilomita ta biyar. Kilomita uku na farko ka yi su a hankali fiye da yadda ka saba. A teburin ruwa ka koma tafiya, ka sha, ka zuba saura a ka. Tafiya a cikin tsere ba abin kunya ba ce. In gwiwa ta yi ɗan nauyi wanda bai sauya takunka ba, ka gajarta taku ka ci gaba. In ta kai ka ga ɗingishi, ka tsaya. Haka in ka ji jiri, ciwon ƙirji, sanyi yana kama ka cikin rana, ko tunaninka yana rikicewa: ka nemi inuwa da ma'aikatan lafiya nan take.

Bayan ka tsallake layi kada ka zube a ƙasa, ka taka na minti goma, ka sha ruwa, ka ci abinci cikin awa ɗaya. Kwana biyu masu zuwa saukowa daga bene zai zama aiki. Ka juya baya ka sauko kana riƙe da ƙarfe, ya fi sauƙi. Bayan kilomita 10 ka huta kwana uku ko huɗu, bayan 21 mako guda kana tafiya kawai, sannan ka dawo da sassarfar minti 20. Atisayen bulo da na ɗuwawu kuma su zauna a jadawalinka sau biyu a mako, ko gwiwa tana ciwo ko ba ta yi.